A Ina Aka Auna? Gwanintar Masu Gwada Ƙarfin Tarakta

Ƙasar Jazira da ke Sudan ba ta raga wa ƙarfe. Baƙar laka ce mai nauyi, wadda da rani take bushewa ta tsattsage, da ta sha ruwa kuma ta damƙe garma ta ƙi saki. Shi ya sa manomin Hasahisa, ko na Rufa'a da ke tsallaken kogin Nilu, idan ya tashi sayen tarakta ko ɗaukar hayarta, ba ƙarfin ja kaɗai yake tambaya ba. Yana so ya san ko hannuwanta na baya za su iya ciro garma daga cikin laka su ɗaga ta a ƙarshen kunya, da kuma ko lodar da ke gabanta za ta iya kwasar yashi ko taki ta juye a tirela. Mai sayarwa kuwa ba ya rasa amsa. Zai buɗe takardar kamfani ya nuna lamba, kilo 2,000 ko kilo 2,500. Lambar tana iya zama gaskiya tsantsa, amma duk da haka ta kai mai saye ta baro, domin ba a gaya masa wurin da aka auna ta ba.

Akwai mutanen da aikinsu ke nan a duniya: su ɗaure tarakta, su sa ta ɗaga nauyi, su rubuta abin da ta iya ba ƙari ba ragi. Akwai kuma ustoci, wato gwanayen makanikai da ke garejin unguwa, waɗanda suka iya karanta abin da waɗancan suka rubuta, su daidaita shi da halin ƙasarmu. Gwanintar waɗannan mutane ta cancanci a san ta, domin dukiyar manomi da ran direba duk suna rataye a kanta.

Hausawa ba baƙin wannan ƙasa ba ne. Wasu jikokin mahajjata ne da suka taso a ƙafa daga Kano da Katsina da Sakkwato suka yada zango a bakin Nilu, wasu kuma zuriyar waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ne bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, hannun Bahaushe na cikin hannuwan da suka yi noma suka tsinki auduga. Aikin ya faɗaɗa da ƙarin yankin Managil har ya haura fadan miliyan 2, fadan kuwa shi ne ma'aunin gona a Sudan. Kakanni sun yi shi da fartanya; a yau cikin jikokinsu akwai direban tarakta, akwai makaniki, akwai mai ba da haya. Sanin ƙarfin injin ya zama wajibi gare su kamar yadda sanin lokacin ban ruwa ya zama wajibi ga iyayensu.

Daga ina ƙarfin yake fitowa?

Hannuwa ukun da ke bayan kusan kowace tarakta, biyu a ƙasa ɗaya a sama, dabarar Harry Ferguson ce, mutumin Arewacin Ailan. Ya yi rajistar tunaninsa a 1926, tsarin ya bazu a duniya tare da taraktar Ford 9N ta 1939, sannan da TE20 da aka fara ƙerawa a Coventry ta Ingila a 1946. Kafin wannan, jan garma ake yi a baya da sarƙa ko sanda. Ferguson ya sa garma ta zama wani ɓangare na jikin tarakta: a ɗaga ta, a sauke ta, nauyinta da turjiyar ƙasa kuma su koma kan tayoyin baya su ƙara musu riƙo. Jajayen Massey Ferguson da suka cika hanyoyin Jazira daga wannan tsatso suka fito.

Abin da ke ɗaga hannuwan shi ne man haidirolik. Famfo yana turo mai cikin silinda, man ya tura fistin, fistin ya juya wani ƙarfe da ke kwance a saman bayan tarakta, ƙarfen ya ɗaga gajerun hannuwa biyu, su kuma su janyo dogayen hannuwan ƙasa ta wasu sanduna biyu masu ramuka. Lissafin farko mai sauƙi ne: ƙarfin fistin shi ne matsin mai a ninka da girman fuskar fistin ɗin. A ɗauki fistin mai faɗin milimita 70. Fuskarsa ta kai santimita murabba'i 38 da rabi. Idan matsin ya kai bar 180, fistin yana turi da ƙarfin da ya kai kimanin tan 7.

Amma tan 7 ɗin nan ba ya isowa bakin hannuwa yadda yake. Fistin tafiya kaɗan yake yi a cikin silinda, bakin hannuwa kuwa yana tashi daga kusa da ƙasa har ya yi sama sosai. Duk abin da aka samu na tsawon tafiya, da ƙarfi aka biya shi. Idan bakin hannu yana tafiya ninki huɗu na tafiyar fistin, to kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin ne zai iso shi. Bugu da ƙari, wannan rabo ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yayin da hannuwa suke tashi, kusurwar da ke tsakanin ƙarafan tana sauyawa, ƙarfin ya ƙaru a wani tsayi ya ragu a wani. Sannan akwai bawul ɗin kariya, wanda yake buɗewa ya mayar da mai idan matsi ya kai iyakar da aka sa masa, don kada tiyo ya fashe ko famfo ya lalace. Wannan bawul shi ne ke yanke hukuncin ƙarshe a kan abin da tarakta za ta ɗaga.

Yadda ake gwajin

Gwajin tarakta na hukuma ya samo asali ne daga takaicin wani manomi. Wilmot Crozier, manomi kuma ɗan majalisar jihar Nebraska ta Amurka, ya sayi taraktar da ta kasa yin aikin da aka yi tallarta da shi. Ya kai maganar majalisa, aka yi doka a 1919 cewa duk samfurin taraktar da za a sayar a jihar sai jami'ar Nebraska ta gwada shi ta buga sakamako kowa ya gani. A 1920 Waterloo Boy ta zama ta farko da ta kammala gwajin. A 1959 ƙungiyar da a yau ake kira OECD, mai mazauni a Paris, ta kafa ƙa'idojin gwaji na bai ɗaya, yadda sakamakon da aka samu a wata ƙasa zai karɓu a wata. Taraktocin Indiya, alal misali, ana gwada su a cibiyar Budni da ke jihar Madhya Pradesh, a Najeriya kuma cibiyar NCAM da ke Ilori ce aka ɗora wa irin wannan aiki.

Wanda ya ga yadda ake gwada hannuwan baya zai san cewa aikin masu haƙuri ne. Da fari ana ɗaure tarakta a kafe ta a ƙasa, yadda tayoyi ba za su lotsa ba, gaba kuma ba zai tashi ba, domin abin da ake son sani shi ne ƙarfin haidirolik shi kaɗai. Sai a ɗumama mai ya kai digiri 65, a yarda da sama ko ƙasa da haka da digiri 5 kawai. Dalilin haka shi ne mai mai sanyi yana da kauri, yana toshe ƴan ƙananan kafofi, ya sa tsohon famfo ya yi kamar sabo. Mai mai zafi ne yake faɗin gaskiyar injin, kuma da shi ake wuni a gona.

Daga nan sai a haɗa hannuwan da na'urar auna ƙarfi da ke kafe a ƙasa, a tabbata jan yana tafiya a miƙe daga sama zuwa ƙasa ba a karkace ba. A sa hannuwa su ja iya ƙarfinsu, a rubuta ƙarfin, a rubuta matsin mai a daidai lokacin. Ba a wuri ɗaya ake yin haka ba. Ana raba tafiyar hannuwan tun daga can ƙasa har can sama, a auna a wurare shida aƙalla, har da farko da ƙarshe. Kowace lamba da aka samu kuma ana rage ta zuwa abin da za ta kasance a kan kashi 90 cikin 100 na matsin bawul ɗin kariya, saboda bai kamata a ce tarakta tana ɗaga kaya alhali bawul yana kuka yana zubar da mai ba.

Nan ne wurin da wannan sana'a ta fi burge ni. Bayan an tara lambobi shida ko fiye, wadda ake rubutawa a matsayin ƙarfin da tarakta take da shi a dukan tafiyar hannuwanta ita ce mafi ƙanƙanta. Mai gwaji yana da babbar lamba a gabansa, wadda kamfani zai yi murna da ita, amma ya ajiye ta ya ba da shaida da wurin da injin ya fi rauni. Hujjarsa a fili take: garmar da ta tashi rabi ta tsaya ba ta tashi ba. Direban da ya kai ƙarshen hawasha, wato gonar manomi, yana bukatar ta bar ƙasa gaba ɗaya kafin ya juya, in ba haka ba ta rushe bakin abu ishirin, wato ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonaki, ruwan maƙwabci ya malale.

Milimita 610

Ana yin wannan gwaji sau biyu. Na farko a bakin hannuwan ƙasa, daidai ramukan da ake zura ƙusar garma. Na biyu kuma ana ɗaura wani firam na ƙarfe a hannuwa ukun, a ja shi daga wurin da ke milimita 610 a bayan ramukan, wato inci 24. Dalili kuwa babu garmar da nauyinta yake zaune a kan ƙusa. Jikinta a baya yake, cibiyar nauyinta tana can nesa da tarakta. Wanda ya taɓa ɗaukar jarkar ruwa a manne da jikinsa, sannan ya gwada riƙe ta da hannu a miƙe, ya san cewa nauyi ɗaya ne amma wahala ba ɗaya ba ce. Lambar milimita 610 ta fi kusa da rayuwar gona, kuma yawanci ta fi ta bakin hannu ƙanƙanta.

Yawan ragin ya danganta da yadda hannun sama yake zaune. Da a ce hannun sama da na ƙasa suna tafiya daidai da juna ba tare da sun karkata ba, da garma ta tashi a kwance, gabanta da bayanta su hau tsayi ɗaya, ragin ya zama kaɗan. Amma an tsara su ne yadda wutsiyar garma za ta fi gabanta tashi, don kada ta taɓa ƙasa idan tarakta ta hau tudu. To idan bakin hannu ya tashi santimita 10, wurin da ke milimita 610 kuma ya tashi santimita 13, ƙarfin da ke wurin zai zama kashi 10 cikin 13 na na bakin hannu. Kilo 2,000 ya koma kimanin 1,540. Kusan buhun takin zamani 9 ke nan suka fita daga lissafi ba tare da injin ya sauya da komai ba.

Daga wannan ilimi ne usta yake samun dabarunsa. Idan garma ta ƙi tashi, kafin ya kwance famfo yana duba ramukan. Ya mayar da sandunan ja zuwa ramin da ya fi kusa da bakin hannun ƙasa, ƙarfi ya ƙaru, tsayin tashi ya ɗan ragu. Ko ya ɗaga hannun sama zuwa ramin da ke sama a jikin tarakta, garma ta rage karkata, nauyinta ya yi sauƙi. Sau da yawa da wannan kaɗai matsala take warwarewa, ba a sayi ko ƙusa ɗaya ba. Yana kuma lura da aji: ƙusar hannun ƙasa a aji na 1 milimita 22 ce, a aji na 2 milimita 28, a aji na 3 milimita 36. Garmar da aka ƙera wa babban aji, ko an yi mata dabara ta shiga ƙaramar tarakta, nauyinta na gidan da ta fito ne.

Lodar gaba

Lodar da ake ɗaura wa tarakta a gaba tana da nata ƙa'idojin, waɗanda ƙungiyar injiniyoyin noma ta Amurka, ASABE, ta tsara a ƙarƙashin lamba S301. Takardar loda ta gaskiya ba lamba ɗaya take kawowa ba, jeri take kawowa, kuma kowace da tambayar da take amsawa.

Akwai ƙarfin ɗagawa har ƙarshen tsayi idan an auna a ƙusar da bokiti yake juyawa a kanta. Wannan ce lambar da aka fi so a rubuta da manyan baƙaƙe, ita ce kuma ta fi nisa da aikin yau da kullum, domin babu mai rataya kaya a kan ƙusa. Akwai ƙarfin da aka auna a milimita 500 ko 800 gaba da ƙusar, inda tsakiyar kayan da ke cikin bokiti ko kan cokalin ɗaukar dami take zama. Akwai ƙarfin ɗagawa zuwa tsayin mita 1.5, wanda ya dace da loda wa ƙaramar tirela. Sannan akwai ƙarfin ɓamɓarewa a ƙasa, wato ƙarfin da loda take iya fisgo bokiti da shi daga cikin tarin ƙasa. Shi ne mafi girma a cikinsu, kuma shi ba ƙarfin ɗauka ba ne, domin yayin da hannuwan loda suke hawa, silinda tana rasa kyakkyawar kusurwar da take turi da ita, ƙarfi yana raguwa.

A ɗauki lodar da tsakanin gindin hannunta da ƙusar bokiti akwai mita 2 a kwance, aka ce tana ɗaga kilo 1,000 a ƙusa. Idan kayan suna milimita 800 gaba, tazarar ta zama mita 2.8, abin da za ta ɗaga ya sauko zuwa kimanin kilo 710. Lodar da ke da sandunan daidaita bokiti ba ta yin asarar da ta kai haka, shi ya sa gwani yake duba irin lodar kafin ya yi lissafi. Yana kuma tambaya ko an sa nauyin bokitin kansa a cikin lambar ko ba a sa ba, domin idan ba a sa ba sai an cire shi tukuna. Bayan haka sai a zo kan abin da za a ɗiba. Bokiti mai cin rabin mita kubik idan aka cika shi da harawar gyaɗa ba komai ba ne. Idan aka cika shi da jiƙaƙƙiyar lakar da aka yaso daga tur'a, wato magudanar ban ruwa, nauyin yana iya kusantar kilo 900. Bokiti ɗaya ne, loda ɗaya ce, amma na biyun ya wuce ƙarfinta.

Ɗagawa daban, tafiya da kaya daban

Mai gwaji ya kafe tarakta a ƙasa kafin ya auna ta. A gona babu wanda ya kafe ta. Wannan ne abu na biyu da gwani ba ya mantawa: haidirolik yana iya ɗaga kayan da jikin tarakta ba zai iya tafiya da su lafiya ba. Duk nauyin da aka rataya a baya yana sauƙaƙa gaba, kuma da tayoyin gaba ake juya akala. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada nauyin da ke kan ƙafafun gaba ya gaza kashi 20 cikin 100 na nauyin tarakta.

Lissafin ba shi da wuya. A ce tarakta tana da kilo 2,500, daga ciki 900 suna kan gaba, tsakanin ƙafafun gaba da na baya kuma akwai mita 2.2. Aka rataya mata garma mai kilo 600 wadda cibiyar nauyinta take mita 1.6 a bayan ƙafafun baya. A ninka 600 da 1.6, a raba da 2.2, a samu kimanin 436. Wannan adadi ne ya bar gaba. Abin da ya rage 464 ne, alhali ana bukatar 500 aƙalla. Garmar ba ta kai rabin abin da takarda ta ce tarakta tana ɗagawa ba, amma sitiyari ya riga ya fara sauƙi, da an hau gadar tur'a ko an faɗa rami gaba zai tashi. Maganin shi ne ƙarafan nauyi da ake jerawa a hancin tarakta.

Ga mai loda kuwa lamarin a juye yake. Kayan gaba suna danne ƙananan tayoyin gaba su sauƙaƙa na baya, waɗanda su ne masu birki da riƙon ƙasa. Dole a sa nauyi a baya, ko a zuba ruwa a tayoyin baya, a kuma yi tafiya bokiti yana ƙasa-ƙasa. Hanyoyin Jazira da yawa a kan bakin tur'a suke bi, ƙunci gare su, gefensu kuma gangare ne. Tarakta mai bokiti cike a sama, idan taya ɗaya ta zame, ba ta jiran direba ya yi tunani.

Awon usta a gareji

Garejin Hasahisa ba shi da na'urorin Nebraska, amma ustan da ya san aikinsa hanyarsu yake bi. Idan aka kawo masa tsohuwar tarakta ya duba kafin a saya, ba ya yarda da gwajin sanyin safiya. Sai ya sa an yi aiki da ita har mai ya yi zafi, domin ya san a watan Afrilu da Mayu zafin Jazira yana wuce digiri 40, man ya tsinke, duk wata kafa da ke cikin famfo ta bayyana. Sai ya ɗaura agogon matsi ya ga inda bawul yake buɗewa, ya gwama da abin da littafin samfurin ya faɗa. Idan matsin ya gaza da kashi ɗaya cikin biyar, ya san ƙarfin ɗagawa ya gaza da kusan haka.

Sikelinsa kuwa buhunan takin zamani ne, tun da kowane kilo 50 ne. Ya jera su a kan firam a bayan tarakta, ya auna nisansu daga ƙusa da tef, ya riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya yana kallon ko hannuwa suna kaiwa ƙarshen tsayinsu ba tare da rawa ba. Daga nan ya bar kayan a sama, ya kashe injin, ya sa alama, ya dawo bayan ɗan lokaci ya ga nawa suka sauko. Idan sun sauko da sauri, zoben fistin ko bawul yana yoyo a ciki, ko da waje a bushe yake. Duk tsawon wannan aiki ba ya barin kowa ya kusanci ƙarƙashin kayan. Abin da yake fara koya wa yaron gareji ke nan: "Ɗana, abin da mai ya riƙe ba a shiga ƙarƙashinsa sai an tokare shi da ƙarfe."

Ya kuma san cewa garmar da ke cikin ƙasa ta fi garmar da ke kan sikeli nauyi. Laka tana manne wa diskin garma, ƙasa kuma tana riƙe ta lokacin cirewa. Saboda haka ba ya haɗa tarakta da garmar da nauyinta ya yi daf da iyaka, sai ya bar rata mai yawa. Idan takarda ta zo da baƙin ma'auni, yana juya shi: kilonyutan 1 kimanin kilo 102 ne, fam 1 na Amurka kuwa bai kai rabin kilo ba, gram 454 ne. Lambar 4,400 a fam, kilo 2,000 ce kawai. Idan mai saye ya zo masa da murnar babbar lamba, tambayarsa ba ta sauyawa: "Alhaji, a ina aka auna ta? A bakin hannu ne ko a bayansa? A ƙasa ne ko har sama?"

Akwai abin da ustan kirki ba ya yi ko an roƙe shi, wato ya ɗaure bawul ɗin kariya fiye da ƙa'ida don tarakta ta ɗaga abin da ya fi ƙarfinta. Yin hakan yana aiki na ɗan lokaci, garma ta tashi, mai tarakta ya yi godiya. Amma an ƙera tiyo da famfo da ƙarafan hannu ne bisa wancan matsin na asali, kuma abin da zai karye zai karye ne a tsakiyar lokacin shuka, lokacin da kwana ɗaya yake da tsada. Ƙin yin haka na iya sa ya rasa kuɗin aikin ranar, amma da irinsa ake gane usta.

Wannan ilimi ya ƙara daraja a yanzu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya iso Jazira a Disamban shekarar, mutane suka bar gidajensu, aka wawashe taraktoci da kayan noma masu yawa. Masu komawa gonakinsu suna sake haɗa jari ne daga tsofaffin injuna, wata tarakta daga nan, garma daga can, loda daga wani samfurin daban. A irin wannan kasuwa kuskure ɗaya yana iya cinye abin da iyali suka tara. Jazira ba ta rasa masana ba, ga Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975, ga Hukumar Binciken Noma mai mazauni a Wad Madani, kuma ya dace iliminsu ya riƙa isa gareji da ƙauye cikin harshen da direba yake ji.

Kafin hakan ta samu, duk mai shirin saye ko haya yana iya kare kansa da tambayoyi kaɗan. Ya nemi lambar milimita 610, ba ta bakin hannu ba. Ya nemi wadda ta shafi dukan tafiyar hannuwa, ba ta wuri guda ba. A loda ya nemi ta ƙarshen tsayi, gaba da ƙusa, ya cire nauyin bokiti. Ya auna garmarsa, ya san inda nauyinta yake, ya tabbata gaban taraktarsa zai zauna a ƙasa. Matasan da ke koyon tuƙi da kanikanci a ƙauyukanmu kuma su riƙe wannan lissafi da muhimmanci kamar yadda suke riƙe sifana, domin wanda ya iya shi zai tsare dukiyar uban gidansa, ya tsare ransa, kuma manoma za su riƙa nemansa a duk lokacin da ciniki ya taso.